Darasin Noma: Ƙasa Mai Tsami Da Gubar Da Ke Cin Saiwar Shuka

Manomin Gulma, a Ƙaramar Hukumar Argungu ta Jihar Kebbi, yana da gona iri biyu. Akwai ta fadama a bakin Gulbin Rima, inda ake noman shinkafa. Akwai kuma ta tudu, wato jigawa, inda ake gero da dawa da wake da gyaɗa. Shinkafa ce ke kawo kuɗi, musamman tun 2015 da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Birnin Kebbi, da kuma 2017 da aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu. Amma furar gida da yawancin tuwon gida daga tudu suke fitowa. In gonar tudu ta gaza, kuɗin shinkafa a awon hatsi yake ƙarewa.

Akwai wani kuka da manoman tudu kan yi. An sayi taki da tsada an zuba. Ruwan sama ya sauka. Amma shuka ta tsaya cik, ta ƙi tashi. Wani ya ce takin jabu ne. Wani ya ce gona ce ta gaji. Wani ma ya ƙara sayen buhu ya zuba, abin ya ƙi gyaruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ɗaya daga cikin dalilan wannan matsala yana ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, wurin saiwa. Shi ne darasin wannan wata.

Mene ne tsamin ƙasa?

Kowace uwargida ta san miyar yakuwa. In ta cika tsami, sai ta sa ɗan ruwan toka ko kanwa, tsamin ya kwanta. To, ƙasar gona ma tana yin tsami. Sai dai harshe ba ya iya jin sa. Ana auna shi ne da wani ma'auni da ake kira pH.

Ma'aunin yana da lamba daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, kamar ruwa mai tsabta. Duk abin da ya gaza 7 yana da tsami. Ruwan lemun tsami yana wajen lamba 2. Duk abin da ya haura 7 yana ɓangaren toka da kanwa. Yawancin amfanin gona sun fi jin daɗin ƙasar da ke tsakanin 6 da 7.

A lura da wani abu. Tazarar lamba ɗaya ba ƙarama ba ce. Ƙasa mai lamba 5 ta fi mai lamba 6 tsami sau goma. Haɗari yana farawa in lambar ta sauka ƙasa da 5 da rabi. In ta sauka ƙasa da 5, haɗarin ya yi girma.

Daga ina gubar take fitowa?

Akwai wani farin ƙarfe marar nauyi da ake tukwane da cokula da kwanon rufi da shi. Sunansa alminiyam, wasu suna ce masa goran ruwa. Yana cikin alif ɗin da ake sa wa ruwa don ya kwanta. Duk cikin ƙarafan da ke jikin ƙasa babu wanda ya kai shi yawa. Ya kai wajen kashi 8 cikin 100 na nauyin ɓawon duniya. Saboda haka babu gonar da ba shi a ciki.

In ƙasa tana da lafiya, wannan ƙarfe a ɗaure yake cikin laka da tsakuwa. Ba ya cutar da komai. Amma in tsami ya yi yawa, sai ya narke ya shiga danshin ƙasa. Wannan danshi kuwa shi saiwa ke sha. A nan ne yake zama guba.

Ke nan ba wani ne ya kawo gubar daga waje ba. Tana nan kwance tun asali. Tsami ne ke tashe ta.

Abin da gubar ke yi wa shuka

Saiwa ita ce bakin shuka. Daga can tsininta take girma, tana kutsawa ƙasa neman ruwa da abinci. Wannan tsini shi gubar ke fara kamawa. Cikin 'yan awoyi kaɗan sai saiwa ta daina tsawo. Daga nan matsaloli biyu ke biyowa.

Na farko, ƙishirwa. Saiwar da ba ta yi zurfi ba, danshin sama kawai take samu. In ruwa ya ɗauke na kwana bakwai ko goma, rairayin sama ya bushe. Sai shukar ta yi yaushi, alhali akwai danshi a can ƙasa wanda ba ta iya kaiwa gare shi.

Na biyu, yunwa. Cikin abincin shuka akwai wani sinadari da ake kira fosfaras. Shi ne ke cikin takin supa, yana kuma cikin kamfa. Shi ke taimakon saiwa da ƙwayar hatsi. Narkakken alminiyam yana kama fosfaras ya riƙe gam, ya hana shuka ɗauka. Wato manomi ya biya kuɗin taki, amma wani sashe na takin ya tsaya a hannun ƙasa.

Yadda manomi zai gane

Ganye kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Sai an duba saiwa. A zaɓi shuka ɗaya daga wurin da ya tsumbure, da wata daga wurin da ya yi kyau. A haƙo su a hankali da fartanya, kada a fizge. A wanke saiwoyin a ƙwarya, a jera su kusa da juna.

Saiwa mai lafiya fara ce, doguwa, mai rassa da ƙananan gashi da yawa. Wadda guba ta kama kuwa ga alamunta:

1. Gajera ce, kamar an datse ta.
2. Ta yi kauri, bakinta ya kumbura.
3. Launinta ya koma ruwan ƙasa.
4. Ba ta da ƙananan gashi sosai, kuma tana karyewa da sauƙi.

A saman ƙasa kuma za a ga shuka ta tsumbure. Ganyen masara ko dawa kan yi ja-ja mai duhu a gefe, alamar rashin fosfaras. Gona kan yi dabbare-dabbare, nan kyau, can ba kyau. Sau da yawa wuri mai kyau shi ne gindin gawo, ko tsohon suri, ko kufai, ko inda shanu suka taɓa kwana.

Amma a yi hattara. Gara da ƙuduji da tsutsar ƙasa su ma suna tsumburar da shuka. Saiwa alama ce kawai. Awon ƙasa ne ke yanke hukunci.

Me ke sa ƙasa ta yi tsami?

Dalili na farko, irin ƙasar. Jigawa rairayi ce. Ba ta da laka da yawa, ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa. Ruwan damina yana wucewa ta cikinta kamar ta rariya. Yana tafiya da sinadaran da ke danne tsami.

Dalili na biyu, kwashe komai daga gona. A da ana barin gona ta huta, ta zama saura. Yanzu mutane sun yi yawa, gona ba ta hutawa. Bayan girbi ana kwashe kara don danni da girki da abincin dabbobi. Ana kwashe harawa a sayar. Duk abin da aka fitar, da ƙarfin ƙasa ya fita. In ba a mayar da komai ba, ƙasa tana ƙara tsami a hankali.

Dalili na uku, takin zamani shi kaɗai, shekara da shekaru. Yuriya taki ne mai amfani, yana sa ganye ya yi kore. Amma in ya narke ya sauya a cikin ƙasa, yana barin tsami a baya. Takin amoniyam salfet, wanda tsofaffin manoma suka sani da salfa, ya fi shi barin tsami.

Ga lissafin da masana ke yi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana barin tsamin da sai wajen kilo 40 na garin farar ƙasa zai kashe. Manomin da ke zuba buhu 2 kowace damina, a shekara 10 ya zuba buhu 20. Buhu 20 sau kilo 40 ya zama kilo 800. Wato buhu 16 ke nan na farar ƙasa. Ƙurar hunturu tana ɗan rage wannan bashi, domin tana ɗauke da sinadaran da ke danne tsami. Sauran kuwa yana taruwa a gona.

Abin da aka gani a Samaru

A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1950 aka fara wani gwaji a can, aka ci gaba da shi shekaru masu yawa. An raba gona gida-gida. Wani gida ana sa masa takin zamani kaɗai. Wani kashin shanu kaɗai. Wani kuma ana haɗa masa duka biyun. Da tafiya ta yi nisa, sai aka ga gidajen da ke shan salfa shi kaɗai sun yi tsami, amfaninsu ya riƙa raguwa. Gidajen da ake haɗa wa da kashin shanu kuwa sun fi riƙe ƙarfinsu.

Abin da aka gani a Sadore

Jihar Kebbi tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. A can, kudu da Yamai, akwai wani ƙauye mai suna Sadore. Cibiyar ICRISAT, mai binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, tana da tasha a wurin. Ƙasar Sadore rairayi ce, gero ake nomawa, kamar jigawar Kabi da Arewa.

A shekarun 1980 masu bincike sun lura da dabbare-dabbaren gonakin gero. Ga gero ya yi tsawo a nan, taku kaɗan kuma ga wanda ya tsumbure. Da suka auna ƙasa, sai suka tarar wuraren da suka tsumbure sun fi tsami, sun kuma fi narkakken alminiyam. Suka gwada barin karan gero a shimfiɗe a gona. Karan ya tare ƙurar da iska ke kawowa. Gara ta ci, ta mayar da shi ƙasa. Tsami ya ragu, saiwa ta ƙara yawa, gero ya ƙaru. Inda aka haɗa kara da ɗan takin zamani, nan ne amfani ya fi yawa.

Fadama daban take

Manomin shinkafa zai tambaya, shin fadama ma haka ne? Amsa ita ce, da sauƙi. In ruwa ya kwanta a kan ƙasa na 'yan makonni, tsaminta yana raguwa da kansa, lambar ta matso kusa da 7. Alminiyam ya koma ya ɗaure. Ban da haka, shinkafa ta fi sauran hatsi jure wannan guba.

Fadama tana da nata ciwon. A wasu wurare baƙin ƙarfe ne ke narkewa ya yi yawa. Za a ga ruwa yana ja kamar tsatsa, da wani maiƙo a samansa. Ganyen shinkafa ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, farawa daga tsini. A wasu wuraren noman rani kuma gishiri ko kanwa ke taruwa, har a ga fari-fari a saman ƙasa. Irin wannan ƙasa ba ta da tsami. In aka zuba mata toka ko farar ƙasa, an ƙara mata ciwo. Shi ya sa awo yake gaba da magani.

Magani

1. A auna ƙasa. Da rani, a ɗebi ƙasa daga wurare kamar goma a gona, zurfin taƙi ɗaya. A gauraya a roba mai tsabta, a ɗebi gwangwani biyu a ƙulle. Wurin da ya tsumbure a ɗebe shi daban. A rubuta suna da sunan gona a takarda a saka ciki. A kai wa malamin gona na hukumar KARDA, ya nuna inda ake awo. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da jami'ar jiha da ke Aliero duk suna koyar da ilimin aikin gona.

2. A kai takin gargajiya. Kashin shanu da na awaki da na kaji da juji mai ruɓa, duk suna kama alminiyam su hana shi taɓa saiwa. Suna kuma sa rairayi ya riƙe ruwa. In takin bai isa gona duka ba, a fara da wuraren da suka fi rauni. Tsohuwar al'adar nan ta barin shanun Fulani su kwana a gona bayan girbi, magani ce babba.

3. A bar kara a gona. Ko ba duka ba, a bar wani sashe a kwance. Kada a tara shi a cinna masa wuta. Tokar da za a samu ba ta kai abin da wuta ta cinye ba.

4. A tara tokar murhu. Toka tana kashe tsami, ko da yake ba ta kai farar ƙasa ƙarfi ba. A adana ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba. A barbaɗa ta sama-sama kafin huɗa, kada a jibge ta wuri ɗaya.

5. A sa garin farar ƙasa in awo ya nuna bukata. Wannan shi ne irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana siminti da shi. In an niƙa shi ya yi laushi, yana kashe tsami. Ana watsa shi makonni kafin shuka, a juya shi cikin ƙasa. Amfaninsa yana kai shekaru. Rairayi yana bukatar kaɗan, laka tana bukatar fiye da haka. Malamin gona ne zai faɗi adadi.

6. A yi tsimin takin zamani. Ba a ce a daina ba. A haɗa shi da takin gida. A raba yuriya kashi biyu, a binne shi kusa da shuka in ƙasa tana da danshi. A Nijar an gwada zuba ɗan taki cikin murfin kwalbar lemo a kowane rami lokacin shuka, ya kuma yi amfani. Kada a manta da supa ko kamfa, domin ƙasa mai tsami fosfaras take fi nema.

7. A zaɓi abin shuka. Masara da dawa ba sa jure tsami sosai. Wake da rogo sun fi su haƙuri, gero ma yana ɗan jurewa. Gonar da ake jinya, a fara ba ta mai haƙuri.

8. A bar gawo a gona. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana. Da rani dabbobi suna hutawa a inuwarsa, suna barin taki.

Abubuwa huɗu da za a kiyaye

Kada a zuba kanwa a gona. Tana kashe tsamin miya, amma gishirin da ke cikinta yana ɓata ƙasa.

Kada a zuba siminti. Dutsen da ake yin sa da shi daban, shi kansa daban.

Kada a gauraya toka ko farar ƙasa da yuriya. Ƙarfin takin zai tashi ya bi iska. A bar makonni tsakaninsu.

Kada a ɗauka kowace farar ƙasa magani ce. Wata farar laka ce kawai ta shafen ɗaki. A ɗiga ruwan lemun tsami a kan garin. In ta gaske ce za a ga ƙananan kumfa suna tashi. Ko ta gasken ma, in ta yi yawa a rairayi tana hana shuka samun wasu sinadarai.

Ƙasar da ta warke

Wannan ciwo ya game duniya. Masana sun ƙiyasta wajen kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa yana da tsami. A ƙasar Brazil, a Kudancin Amurka, akwai wani makeken daji da a da ake ganin ba ya nomuwa saboda tsami da alminiyam. A 1973 suka kafa hukumar binciken noma mai suna Embrapa. Aka riƙa zuba farar ƙasa da fosfaras, aka nemo iri masu haƙuri. Yau wannan yanki yana cikin manyan wuraren noman waken soya da masara a duniya. A 2007 masanan Brazil da na Amurka suka gano sirrin wata dawa mai jure gubar. Saiwarta tana fitar da wani ruwa da ke ɗaure alminiyam kafin ya taɓa ta. Masu kyautata iri suna amfani da wannan sani.

Gyaran ƙasa ba ya ƙarewa a damina ɗaya. Amma kwandon taki da kwanon toka suna hannun kowa, kuma rani ne lokacin fara kai su.

Aikin gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kowane ɗalibi ya ware kunya 8 a wurin da ya fi tsumburewa a gonarsa. Kunya 4 ya sa musu takin gida da toka kafin shuka. Sauran 4 ya bar su yadda ya saba. Ya shuka iri ɗaya, rana ɗaya. Bayan kwana 30 ya haƙo shuka ɗaya daga kowane ɓangare, ya gwada tsawon saiwa. Da kaka ya auna hatsin kowane ɓangare da tiya. Ya rubuta komai a littafinsa, ya kawo aji.

Tambayoyi

1. Wace lamba ce tsakiyar ma'aunin pH?
2. Daga wace lamba haɗarin alminiyam yake farawa?
3. Kawo alamu uku na saiwar da guba ta kama.
4. Me ya sa wannan guba ba ta cika damun shinkafar fadama ba?
5. Manomi ya zuba buhun yuriya 3 kowace shekara har shekara 5. Kilo nawa na farar ƙasa zai kashe tsamin da ya bari?
6. Me ya sa ba a zuba kanwa a gona?